Makaɗin Da Ba Shi Da Ubangida

Ranar Talatar makon jiya ina zaune a ofishin jam'iyya nan Gusau, ina fama da lissafin kuɗin kati na reshen Bunguɗu, sai ga waɗansu samari su huɗu sun yi sallama. Ɗaya mai gyaran waya ne a bakin kasuwa, ɗaya ɗan kabu-kabu, ɗaya ya gama karatu yau shekara 3 yana yawo da takardunsa cikin leda, na huɗunsu kuwa yaro ne daga wani ƙauye na ƙasar Tsafe da 'yan bindiga suka tasa, yanzu a shagon wansa ya ke kwana a Tudun Wada. Suka ce sun yi karo-karo, sun yi wata 8 suna zuwa ɗakin ɗaukar waƙa da dare duk ran da aka kawo wuta, har Allah ya sa sun gama kundi mai waƙa 9, irin waƙan nan ta gambarar zamani wadda a ke kira hip-hop. Ba kuɗi suka zo roƙo ba. Lasifikarmu su ke so a ba su aro, da filin nan na bayan ofis, su tara jama'a su ji abin da suka yi.

Na kai maganar gaban manya. Wani dattijo cikin shugabanninmu, mutumin kirki wanda ya sha wuya sabo da jam'iyyan nan tun ban shigo ta ba, ya saurara har na kai aya, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Malam Akawu, yaran ga wa ad da su?" Na ce, ranka ya daɗe, ba su da kowa. Ya ce, "To, wa sunka wasa cikin waƙar?" Na ce ba su wasa kowa ba. Ya yi shiru, can ya ce a bar shi ya yi tunani.

Jama'a, wannan tambaya ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ban ga laifin dattijo ba ko kusa, gama tambayar ƙasarmu ce ya yi. Mu mutanen Zamfara ba wanda zai koya mana kiɗa. A Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haifi Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar. Musa Ɗanƙwairo na Maradun ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu kiɗa, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello. Sa'idu Faru na Sarkin Kudu Macciɗo ne, Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Ko Kassu Zurmi da ba makaɗin fada ba ne, ai yana da 'yan taurinsa. In kun lura, ba a ambaton sunan makaɗi a ƙasan nan sai an haɗa da na mai shi. Ubangida shi ke ba da doki da riga da damen gero, shi ke yi wa makaɗi aure, shi ke tsaya masa in ya taɓo wani. Makaɗi kuwa ya wasa shi, ya yi wa abokan gabansa zambo, ya yi wa 'yan'uwansa masu harin gadon sarauta habaici. Zambon nan fa ba na wasa ba ne, akwai wanda in aka yi wa ɗan sarki sai ya yi kwana bakwai bai leƙo zaure ba. Amma kowa ya san da bakin wa makaɗi ke magana, kuma mai ƙara ya san ƙofar da zai bi.

Ba rena dattawan nan na ke yi ba, Allah ya jiƙansu. Hausar da suka bari ta fi ƙarfin duk abin da mu 'yan boko za mu rubuta har mu mutu. Amma kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski, kuma ba a jiran makaɗin fada ya yi waƙar tsananin haraji da jangali, ko da a gidan uwarsa aka kwashe awaki.

To, yau ga wani irin makaɗi ya ɓullo wanda ba doki, ba riga, ba zauren da ya ke faɗuwa gaisuwa da safe. Ba yaran nan huɗu ne farau ba. Domin mu san abin da ke jiransu, bari in ba ku labarin wani kundi da ya riga nasu, a Kano.

A shekarar 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Ta yi 'yan shekaru ba a cika jin ɗuriyarta ba, sai a 2007 wani abin kunya ya auku ga wata 'yar fim, gari ya ɗauka, Gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya ɗauko Malam Abubakar Rabo Abdulkarim daga Hisba ya ɗora shi bisa hukumar. Daga nan aka shiga kame. Aka dakatar da ɗaukar fim har wata 6. Cikin shekaran nan aka yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata 3, don ya fitar da faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya ba a tace ba. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ibro, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Har kotu aka ba hukumar, ta tafi-da-gidanka, inda mutum zai karya kumallo a gidansa ya yi sallar la'asar a gidan yari.

Ana cikin wannan hali wani saurayi Bakano, Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, ma'aikacin ɗakin ɗaukar waƙa kuma mawaƙin gambarar zamani, ya yi wata waƙa ya sa mata suna Girgiza Kai. Nufinta a fili ya ke: tun da an hana rawa, to, mai saurare ya tsaya cik ya girgiza kai kurum, kada ya jawo wa kansa ɗauri. Kukan masu sana'a ne da aka toshe wa hanyar abinci, an yi shi cikin ba'a. A watan Yuni 2009 kotun nan ta haramta waƙoƙi 11 a tashi ɗaya, ta hana sayar da su da sauraronsu da yaɗa su. Girgiza Kai na ciki, da Oyoyo ta Adam Zango, da Hasbunallahu ta Aminu Ala. Ku sake karanta sunan ta ƙarshen nan, jama'a. Addu'a ce fa! Aminu Ala kuwa ba ɗan gambara ba ne, sha'iri ne mai auna baiti. Duk da haka wata na zagayowa, cikin Yuli, aka kama shi. In don batsa a ke yi, me ya haɗa batsa da kai ƙara wurin Allah? In don kiɗan Amurka ne, yaushe Ala ya zama Ba'amurke? Abin da ya haɗa waƙoƙin nan uku abu ɗaya ne, watau kowace ta mayar wa hukuma da magana, kuma ba wani mai rawani ko mai kujera da ya aiko masu ita.

Ziriums ya koma Abuja da zama. A 2010 ya fito da kundinsa, ya sa masa suna This Is Me, watau ga ni nan yadda na ke. Ba gwamna bayansa, ba sarki, ba wani babban kamfani. Sai ku tuna yadda cinikin waƙa ya ke a Kano a zamanin nan. Mawaƙi in ya gama aiki wurin 'yan kasuwar faifai ya kan kai, irin na Ƙofar Wambai, su buga da yawa su rarraba wa dillalai, har ya iso mana nan Gusau bisa baro. To, wane ɗan kasuwa ne zai shimfiɗa kayan mutumin da kotu ta haramta waƙarsa bisa teburinsa, alhali ya san ma'aikatan hukuma na zagayawa? Ziriums ya zuba kundinsa a kantunan intanet, iTunes da Amazon.

Yanzu ga yadda aka karɓe shi. A waje an san da shi. Tun a 2008 gidan talabijin na CNN ya yi hira da shi, waɗansu baƙi suka sa shi cikin wani fim na labarin gaskiya mai suna Recording a Revolution, masu bincike na jami'a suka yi rubutu a kansa. A gida fa? Kantin iTunes bai fara sayar da waƙa a Nijeriya ba sai Disamba 2012, shekara 2 bayan fitar kundin. Watau mutum ya kasa kayansa a kantin da ba shi da ƙofa ta wajen garinsu. Wanda zai saya sai mai katin banki da dala, ina talakan Tsafe ya gan su? Amma waƙar Ziriums ta iso, ta bayan gida. Ni kaina a wayar wani abokina na fara jin Girgiza Kai, muna 'yan makaranta, mun laɓe bayan ɗakin kwana. Abin da ya sa muka neme ta kuwa shi ne mun ji an ce an hana. Daga waya zuwa waya ta bi, da hannun masu tura waƙa na bakin kasuwa, waɗanda ke karɓar 'yan kuɗinsu su sa aljihu. Na ji, na yi dariya, na tura wa wani. Ban biya mai ita ko anini ba, kuma ban san wanda ya biya ba cikin abokaina.

Ba na cewa kundin ba shi da aibu. Sunansa ma da Turanci ya ke, kuma wannan cuta ce da har yau ba ta saki 'yan gambararmu ba: rabin baki Hausa, rabi Turancin da aka aro, ga taƙama irin ta samarin Amurka wadda ba ta yi kama da mu ba. Ni na yi makarantar mishan, Turanci bai gagare ni ba, amma uwata fa? Wanda ya ce kukan talaka ya ke yi, sai ya yi shi da harshen da talaka ke kuka. Sai dai wannan gyara ne na tsakanin mai waƙa da mai saurare, ba aikin alƙali ba ne.

Abin da na ke so mu riƙe daga labarin nan shi ne, marar ubangida bulala biyu ya ke sha. Ta fari ta mahukunta, don ba mai tsaya masa. Ta biyu ta yunwa, don ba mai ciyar da shi. Jama'ar da ya yi waƙar dominsu su ya kamata su zame masa ubangida, sai muka ji daɗin waƙa muka bar shi da bashin ɗakin ɗauka. Ta farin laifinsu ce, ta biyun tamu ce.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a ofis. Za a ce abin baƙo ne. Gaskiya ne, a unguwar Bronx ta birnin New York aka haife shi wajen 1973, tsakanin baƙaƙen fata matalauta. To, sai me? Jera magana da sauri bisa kiɗa, da zambo da ban dariya, ai 'yan gambara na yin sa a kasuwanninmu tun ba a san Amurka ba, shi ya sa ma aka ba sabon sunan tsohon. Kuma masu cewa baƙo ne, su ne in zaɓe ya zo su ke hayar mawaƙan fiyano su cika gari da motoci. Fiyanon nan a gindin dutsen Kwatarkwashi aka sassaƙa ta?

Za a ce akwai batsa. Akwai, ba na musu, kuma akwai yaran da in na ji waƙarsu a wayar ƙanena sai in karɓe wayar. Wanda ya yi batsa ko ya ɓata sunan wani, ga kotu nan, a kai shi da rana, a karanta masa abin da ya faɗa, ya kawo mai kare shi. Wannan daban, cewa kuma kada ka buɗe baki sai ka kai wa ma'aikacin gwamnati ya ɗanɗana tukuna daban. Wa ya naɗa ma'aikacin? Gwamna. Wa a ke kuka da shi cikin waƙar? Gwamna. Ashe kura aka ba ajiyar nama.

Za a ce addini. Nan kam ba ni da ta cewa, akwai malamai, su suka san hukuncin kiɗa. Abin da idona ya gani kurum zan faɗa. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a garin nan cikin Oktoba 1999, ban ga zaɓe guda da aka yi ba waƙar 'yan takara ba. In haram ne, haram ne ga mai yabon gwamna kamar yadda ya ke ga mai kukan talaka. Ba mu taɓa jin hukuncin da ke duba wanda aka wasa kafin ya sauka ba.

Kiɗan kansa ma ai an daɗe da yafe masa. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, ta yi shirye-shirye musamman na gambarar zamani, irin su Zafafa Goma, yara suka san su DJ AB da ClassiQ da Morell, ana jin su a gidan biki da cikin keke-napep, sama ba ta faɗo ba. In waƙar soyayya ce ko ta fariya, ba mai ɗaga kai. Ran da yaro ya ambaci wanda ya ci kuɗin taki, ran nan a ke tunawa da tarbiyya.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A Amurka kanta, sa'ad da wata ƙungiya mai suna N.W.A ta fito da kundinta Straight Outta Compton ta hannun wani ƙaramin kamfani nasu na kansu, suna kukan cin zalin 'yan sanda da baki mai ƙazanta ƙwarai, hukumar FBI ta rubuta wa masu rarraba shi takardar nuna fushi a 1989. A 2017 babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya sa kundin nan cikin faya-fayen da za a adana wa ƙasa. Nan gida, Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, ya yi Jaga Jaga a 2004, Shugaba Obasanjo ya fusata, aka hana sa ta a rediyo. A Afrilu 2025 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta sake hana wata waƙarsa, Tell Your Papa. Shekara 21 tsakani, an sake shugaba, an sake jam'iyya, amsar ba ta sake ba.

Amma labarin da na fi so shugabanninmu su ji shi ne na Senegal. A garin Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass, waɗansu samari suka kafa ƙungiyar gambara mai suna Keur Gui. A Janairu 2011, da ɗaukewar wuta ta ishi mutane, su da waɗansu 'yan jarida suka kafa wata tafiya da suka kira Y'en a Marre, watau abin ya ishe mu. Suka bi unguwa-unguwa suna sa samari su yanki katin zaɓe. A Maris 2012 Shugaba Abdoulaye Wade ya faɗi, Macky Sall ya hau. 'Yan hamayya suka yi murna, suna tsammani sun sami makaɗa. Ba a daɗe ba yaran nan suka juya kan sabon shugaba da irin bakin da suka yi wa tsohon. Ba butulci ba ne, tun farko ba su ce su nasa ba ne.

Nan ne maganar ta zo kanmu, kuma laifi tudu ne. Hukumar nan ta Kano, a ƙarƙashin PDP aka kafa ta. ANPP ta wasa mata wuƙa, alhali ita kanta ANPP jam'iyyar hamayya ce a tarayya a lokacin, tana kukan danniya a Abuja tana ɗaure mawaƙa a Kano. Zamanin APC aka kama Sadiq Zazzaɓi a 2017. A 2019 aka yanke wa wani mawaƙi mai laƙabin A.G.Y. ɗaurin shekara 2 kan waƙar da aka ce ta ci mutuncin Gwamna Ganduje. Cikin shekaran nan kuma aka kama Naziru, Sarkin Waƙar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, daidai lokacin da fada da gidan gwamnati ba sa ga maciji. Mai ubangida ke nan, da ubangidan ya sami matsala, balle wanda ba shi da kowa. NNPP ta karɓi mulkin Kano a 2023, ta gaji hukumar, ba ta rushe ta ba. Jam'iyya huɗu, kowace tana waje tana son mawaƙi mai baki, tana shiga ta nemi makulli. Wa ya ce mu daga wata ƙasa aka yi mu?

Mu da mu ke tinƙaho da gadon 'yan sawaba ya kamata mu fi kowa jin kunyar wannan. Waɗanda suka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950 ba su da gidan rediyo, ba su da kuɗi. Waƙa ce ta yi musu aiki, ta su Malam Mudi Sipikin da Gambo Hawaja. In En'e ta hana lacca, waƙa ta tsallake katanga ta shiga kasuwa, 'yan doka ba su iya kama ta. Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, don ta ƙi neman iznin buɗe baki. Abin da sarakuna suka riƙa tambaya game da su kuwa shi ne dai abin da aka tambaye ni ran Talata: 'ya'yan wa ne, wa ya tsaya musu?

Kuma mu a Zamfara mun ɗanɗana rufe baki kwanan baya, ba labari aka ba mu ba. A Satumba 2021 aka yanke layukan waya a jiha duka, muka yi makonni ba mai jin ɗan'uwansa. A Oktoba 2022 gwamnatin jiha ta ba da umurni a rufe NTA Gusau da Pride FM da waɗansu tashoshi, don sun ɗauko labarin taron 'yan hamayya, sai da aka yi ca a kanta ta janye. A Yuli na shekaran nan ta 2022 aka naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sanda ke nema ruwa a jallo, sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji, nan ƙasar Tsafe, da rana tsaka a gaban taro, sai da ƙasa ta ɗauki kuka aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Ƙasar da aka yi wannan a cikinta, ita ce za ta ji tsoron yara huɗu da lasifikar aro?

Na saurari kundin yaran duka, sau biyu. Ba duka ne ya yi mini ba. Akwai waƙar soyayya guda da ba ta da gishiri, akwai ta fariya da na ce musu da ni ne da na cire, don ban ga abin fariya ga mai kwana a shago ba. Sun yi dariya, ba su cire ba, kuma daidai ne, nasu ne. Amma akwai guda uku da suka hana ni barci. Ɗaya kan manomin da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Ɗaya kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, da yadda fasinja ke yin shiru in mota ta wuce Tsafe. Yaron ƙauyen nan shi ya yi ta ukun shi kaɗai, yana lissafa abin da suka bari a gida ran da suka gudu, tun daga rumbu har zuwa allon karatunsa, da Zamfarci tsantsa, ba kalmar Turanci ko guda. Da a ce Ɗanƙwairo na da rai ya ji jerin maganan nan, na tabbata da ya tambayi ɗan wane ne.

Sai ta tara, wadda ita ce ƙashin da ya tsaya wa ofishinmu a wuya. Kan 'yan siyasa ce masu zuwa da taliya da sabulu da turmin atamfa in zaɓe ya matso, su ɓace sai bayan shekara huɗu. Ba su ambaci jam'iyya ba, amma ba su ware tamu ba, kuma ni da ke rubuta rasit na san ba ƙarya suka yi ba. Wani abokin aikina ya kawo shawara, wai a ba su abin hannu mai kauri, su cire ta tara, su ƙara guda mai sunan ɗan takararmu, sa'an nan a ba su lasifika har da janareta da mota. Ya ce taimako ne. Yaran kuwa suna da bukata, bashin ɗakin ɗauka na kansu, ban san ko za su iya ƙi ba. Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan. In muka saye su mun ƙara makaɗa huɗu cikin ɗaruruwan da ke akwai, ranar da wani ya fi mu kuɗi kuma su koma gare shi, ba wanda zai sake gaskata waƙar manomi in ta fito daga bakinsu.

Ga abin da na ke roƙon kwamiti, kuma na sa shi a jarida don 'yan jam'iyya na Tsafe da Bunguɗu da sauran rassa su sani, su faɗi nasu. A ba yaran nan lasifika da fili ba da sharaɗi ba, su rera duka taran, shugabanni su zauna a gaba su ji ta tara da kunnensu. Kowane reshe da ke son kundin ya saya da kuɗi daga hannunsu, kada a tura a waya kyauta. Sa'an nan a rubuta cikin manufofin jam'iyya, baƙi bisa fari, tun muna waje, cewa in Allah ya ba mu mulkin jihan nan ba za mu sa mawaƙi ko marubuci neman izni kafin ya fitar da aikinsa ba, mai ƙara ya tafi kotu. A buga shi a wannan shafi, domin ran da muka manta a sami takardar da za a nuna mana.

Ni dai na sayi nawa guda daga cikin albashina, na kai wa dattijo wani, ya ce jikansa zai kunna masa. Kwamiti zai zauna ran Alhamis bayan la'asar. Yaran sun ce in an hana su za su yi hayar lasifika wurin masu kiɗan biki, sai dai kuɗin bai cika ba tukuna, ɗan kabu-kabun ya ce a ba shi mako biyu.

Akawun Jam'iyya,
Gusau.